Yadda Kwanukana Suka Koyi Rawa

Rikodar ta hau jirgin ruwa, ta hau babbar mota, amma a bayan jaki ta shigo gidanmu. Direban da ya kawo ta Batsari ya leƙa lungunmu sau ɗaya ya ce shi ba ya gaba da tayoyinsa, sai maigidana ya je ya ari jakin maƙwabta. Aka ɗora uwar rikodar a tsakiya, manyan sifiku biyu suna reto hagu da dama, maigidan yana biye yana yi wa jakin faɗa a kan ya taka a hankali. Ni lokacin amarya ce, ban rufa shekara da aka kawo ni daga Zakka ba. Ina leƙe ta bayan labule ina ta murna, don ban san abin da ke tafe da ni ba.

Yayan maigidana ne ya aiko ta. Duk gidan Yaya ake ce masa, ni kuwa ko fuskarsa ban taɓa gani ba. Ya tafi Ikko neman abinci tun kafin a fara maganar aurena, daga can ya tsallaka ruwa zuwa Gabon, shekaru suka yi ta tafiya bai zo ba. Wayar hannu ba ta iso mana ba a lokacin. Wani mutumin Wagini da ya dawo ganin gida shi ya ɗauko kayan, tare da kaset guda da Yaya ya cika da maganarsa gaba da baya. Saƙon baki da ya haɗo shi da shi gajere ne: a kunna wa Inna ta ji muryarsa.

A baki abin ba wuya. Inna ita ce surukata, uwar maigidan, kuma Yaya ne ɗanta na fari. Kunyar ɗan fari kowace uwa a wajenmu tana taɓawa, amma Inna 'yar Darini ce mai jinin Fulani, tata har da gyara. Tunda ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba. In ta kama dole sai ta ce “wancan”, tana kallon wani wuri. Akwai wani mai tallan kananzir da ya yi rashin sa'a sunansu ɗaya da Yaya, bai taɓa cin kasuwa a gidanmu ba, don Inna gara ta kwana a duhu da ta kira shi. Ga shi kuma kunnenta ya fara nauyi, sai an ɗaga murya take amsa gaisuwa.

Ranar farko aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, aka jona batirin mota, maigidan ya danna. Yaya ya yi gyaran murya ya yi sallama. Kafin mu gama amsawa Inna ta miƙe ta yafa mayafi, ta ce za ta barka. Jaririn da ta je wa barkar ya kusa fara zama. Washegari aka sake gwadawa, ta ce kazarta ta ɓace, ta fita nema, kazar kuwa tana kwance ƙarƙashin rumbu tana kallonmu. A karo na uku ko dalili ba ta nema ba, ta ɗauki buta ta zaga har sai da aka kashe.

Maigidana mutum ne mai son uwarsa, mai jin maganar yayansa, ga kafiya in ya sa abu a gaba. Ya ce shi dai saƙo aka ba shi kuma sai ya isar. Dabarar da ya yanke ita ce a shigar da rikodar ɗaki don kada Inna ta ga kamar ana tsare ta, sannan a buɗe murya yadda duk inda ta ɓuya a gidan za ta same ta. Ɗakina aka zaɓa, don shi kaɗai ke da daɓen siminti da ƙofa mai kwaɗo. Ba wanda ya tambaye ni, ni kuma ban damu ba, don har lokacin gani nake ƙaruwa ce ta same ni.

A goshin rikodar akwai maɓallai na murɗawa a jere. Na farko na ƙara murya ne, wannan ko ni na gane. Na biyu in an murɗa shi sai muryar ta yi tsini, ka ji har ƙarar yawun mai magana. Na uku shi ke sa mata kauri. Samarin da ke zama wurin mai cajin batir suka gaya wa maigidan sunansa bes, suka kuma ce masa rikodar da ba a ƙure wa bes ba rediyo ce kawai mai girman jiki. Allah ya yafe wa samarin nan, ni dai na daɗe ban yafe ba. Ya dawo gida ya kama maɓallin ya murɗa shi dama har sai da ya ƙi tafiya.

Jerena ba na wasa ba ne. Uwata da gwaggona sun yi shekaru suna tara shi, kwalla kan kwalla daga babba zuwa ƙarama har kusa da rufi, ga langa, ga samira, sai kofunan tangaran a can saman kabet waɗanda ko ni ban taɓa shan ruwa da su ba. Da jeren nan nake ɗaga kai in mata sun shigo. Maigidan ya sa kaset ɗin kiɗan ganga don ya gwada sabon iliminsa. Da aka buga gangar farko sai na ji ta a cikin hanjina. Da aka buga ta biyu sai murafun kwallayen suka amsa gaba ɗaya, kar-kar-kar, kamar haƙoran mai zazzaɓi. Ina kallo ƙaramar samira ta fara matsowa bakin kanta a hankali, ba wanda ya taɓa ta.

“Kin ji kaya ko?” in ji maigidan, yana murmushi.

“Na ji,” na ce, “har na gani ma.”

Lokacin bazara ne, kowa ya gyara gona ya zuba wa gabas ido. Bes kuwa in ya ratsa bangon ƙasa ya fita waje ba ya zuwa da kiɗa, gurnani kawai yake kaiwa. Maƙwabciyarmu, wata dattijuwa da ta shanya rogo a kan soro, ta ji gurnanin ta ɗauka cidar hadari ce. Ta hau tsani ta kwashe shanyarta, ta jera bokitai ƙarƙashin indararo, ta tashi mijinta daga barcin rana ya fito da jakar iri yana gyara wuyan riga. Suka ɗaga kai, sama fes, ko gajimare babu. Sai ga ta ta yi sallama a ƙofar ɗakina, mayafi a karkace, tana haki.

“Halan ku ne hadarin?” ta ce.

Maigidan ya ba ta haƙuri yana danne dariya, amma da ta fita sai na ga kamar ma yabo ya ɗauki maganar.

Daga nan abin ya zama ƙa'ida. Kullum bayan la'asar sai ya kunna kaset ɗin Yaya, bes a ƙure. Muryar bawan Allah ta koma ta wanda ya zura kai cikin randa yana magana. Sallama muke ganewa, da “to” ɗin da yake ja in zai canza zance, da dariyarsa, sauran duk gurnani ne. Maigidan yana zaune yana gyaɗa kai kamar yana fahimta. In na tambaye shi me Yaya ya ce sai ya ce gaisuwa ce. Inna kuwa da zarar an kunna sai a neme ta a tsakar gida a rasa. Ta bar inuwar darbejiyar da ta saba zama, ta koma bayan ɗakina da tabarmarta da faifan wakenta, wurin da ba inuwar kirki, ga warin turken awaki. Na ɗauka gudun muryar take yi, na ce a raina tsohuwar nan ta zaɓi wurin ɓuya mafi muni a gidan.

Ranar da kofin tangaran na farko ya faɗo haƙurina ya ƙare. Yaya ne ya yi dariya a cikin kaset, kofin ya taka zuwa baki ya yi tsalle. Na tsince gutsattsarin na zuba su a tafin hannu na kai wa maigidan.

“Malam, wanga abu ko dai a rage mashi ko a hitar mani da shi.”

“Ke ba ki san kan na'ura ba. Bes ɗin shi ne kuɗin.”

“To kofin nan hwa, a gona aka tsinto shi?”

“Ki riƙa matsar da su ciki mana.”

“Ina matsarwa. Dawowa suke.”

Ba mu daidaita ba. Muka shiga wani irin zama: in ya fita na murɗa maɓallin hagu, in ya dawo ya murɗa shi dama, ba mai ce wa wani komai. A gaban Inna muna gaisawa lafiya lau. Maɓallin nan ya sha hannu har fentinsa ya fara koɗewa.

Wata ranar kasuwa maigidan ya tafi awon wake, sai na ce bari in ji wai me mutumin nan yake faɗa ne da kullum ake girgiza mini ɗaki saboda shi. Na dawo da bes can baya, na ɗan ƙara na tsinin, na kunna. Sai ga mutum sosai yana magana kamar yana zaune a bakin gado. Ya gai da kowa gida-gida. Ya tambayi gonar bakin rafi, ya tambayi bajimin da ya bari yana maraƙi, wanda an daɗe da cinye shi. Ya gai da Inna gaisuwa mai tsawo, ya ce ta yafe masa daɗewar da ya yi. Can ƙarshen kaset ɗin, bayan ya yi sallama har ya dawo, sai ya ce:

“Af, na manta. Maɓallin nan na uku, kada a wuce da shi tsakiya. Yana kashe sifika, kuma ba a jin magana.”

Na mayar da wurin baya na sake ji, don daɗi. Da maigidan ya dawo sai da na bari ya ci tuwo ya sha ruwa ya wanke hannu, sannan na kunna masa wurin. Ya saurara. Ya ce in mayar. Ya sake saurara, ya sosa ƙeya, ya ce ai shi ma dama yana tunanin hakan. Na ɗauko jan farce na ɗiga a daidai tsakiya, in an bi gaskiya ma ɗigon ya ɗan karkata hagu. Tun daga ranar kwanukana suka kwanta, maƙwabciyarmu ta ci gaba da shanyarta, ni kuma ina tafiya a gidan kamar wadda ta ci zaɓe.

Inna ce ta canza. Ta fara barin tuwo a kwano. Ta yi wa akuya faɗan da ya fi laifinta. In an kunna kaset tana zagayawa bayan ɗakin kamar kullum, amma ba ta daɗewa sai ta dawo da tabarmar a naɗe, ta shige ɗakinta. Na tambaye ta ko jikin ne, ta ce lafiyarta lau. Ana nan wata safiya ina shara, na durƙusa na gaishe ta, ta amsa, har na miƙe sai ta ce, ba tare da ta kalle ni ba:

“Ɗiyar nan, lahiya kwanukanki suka yi shiru kwana biyu?”

“Ai na yi maganinsu, Inna,” na ce, ina jin kaina.

“To,” in ji ta. Ta ci gaba da tsintar wakenta.

Wannan “to” ɗin ya tsaya mini a rai har azahar. Inna ba ta taɓa damuwa da kwanukana ba, ita da ta ce jere wahalar da kai ne. Da ta shiga salla sai na zagaya bayan ɗakin. A jikin bangon, daidai inda take zama, yaɓen ya yi sumul saboda jingina, sama kaɗan kuma ga tabon man kanta. Na koma ciki na kunna kaset ɗin yadda yake a kan ɗigon jan farce, na fito na zauna a wurin na jingina. Ni mai lafiyar kunne abin da na ji bai fi kukan sauro ba. Na koma na ƙure bes, na dawo na sake jingina. Sai na ji mutumin a bayana. Ba kalma ko ɗaya da ta fito, amma gyaran muryarsa ya ratso bangon ya shiga ƙashin bayana, na gane inda ya ja “to”, na gane inda ya yi dariya. Daga ciki kuma ina jin kwanukana sun tashi rawa.

Ashe tsohuwar ba gudu take yi ba. Ta samo wuri guda a gidan da za ta ji ɗanta ba tare da kowa ya ga tana saurare ba, kuma ta bayanta take jinsa tunda kunnen ya ƙi. Tausayinta ya kama ni har idona ya kawo ruwa. Haushi kuma ya kama ni a lokaci guda, don na san kwanukana ne za su biya.

Na fara neman tsakani. Na cusa tsummoki tsakanin murafu, na shimfiɗa zani a ƙarƙashin samira, na ɗaure ƙofar kabet da igiya. Ƙarar ta ragu amma tafiyar ba ta fasa ba, kofi na biyu ya bi na farko. Sai na sauke jeren gaba ɗaya, na naɗe kowane da tsumma, na tura su ƙarƙashin gado. Amarya da kabet wayam ba ƙaramin abin magana ba ne. Matan unguwa suka yi ta shigowa aron abin da ba sa bukata don su gani da idonsu. Kafin mako ya zagayo labari ya kai Zakka cewa na sayar da kayan ɗakina, wasu suka ce mijin ne ya karɓe ya sa a jarin wake. Uwata ta aiko a tambaye ni ko lafiya, na ce a gaya mata gyara nake yi.

Sauran aikin shi ne maigidan, wanda yanzu ya zama mai gadin tsakiya. Ya shigo bayan la'asar ya tarar na kunna da kaina, bes a ƙure, ɗaki yana gurnani. Ya miƙa hannu ya dawo da shi kan ɗigon. Na miƙa nawa na mayar.

“Yaya ya ce tsakiya,” in ji shi.

“Yaya yana Gabon.”

“Ke da kika ce a hitar maki da shi?”

“Na saba da shi. Yanzu in ba shi ba na jin daɗi.”

Ya dube ni, ya dubi kabet ɗin da ba komai, na ga yana tunanin ko a nemo mini rubutu. Ba zan iya gaya masa dalili ba. Na san halinsa, da murna zai fita ya ce wa Inna ashe tana ji, daga ranar kuma ko da kuɗi ba za ta sake zama a wurin ba. Haka muka koma gidan jiya, sai dai mun yi musayar hannu: shi hagu, ni dama.

Abin da ya raba mu akuya ce. Ta tsinke igiya wata la'asar ana cikin kaset, maigidan ya bi ta zuwa bayan ɗaki, sai na ji takunsa ya tsaya. Jim kaɗan ya dawo ba akuyar. Ya zauna bakin gado, na san ya ga Inna a jingine. Da kaset ɗin ya ƙare sai ya tashi ya ɗauki sifikun nan biyu daga gefen ƙofa, ya kai su kusurwar bangon baya ya manna su da shi. A kusurwa bes yana ƙara kauri, wannan ma samarin sun koya masa.

“Nan sun hi kyau,” ya ce.

“Sun hi,” na ce.

Daga ranar bes ya zauna a ƙure. Washegari Inna ta cinye tuwonta har ta nemi ƙarin miya.

Da mutumin Wagini zai koma, aka ce mu ma mu cika kaset a kai wa Yaya. Aka fito da rikodar ƙofar ɗaki, kowa ya zo ya yi gaisuwa, har maƙwabciyarmu ta ba shi labarin hadarin da ya aiko mana. Maigidan ya je ya durƙusa ya roƙi Inna ta ce ko da “lahiya” ne. Ta ce ita ba ta magana da akwati. Ta tashi ta jawo turmi, ta kafa shi ɗan nesa kaɗan da inda muke, ta zuba gero ta hau daka, ita da ta shekara ba ta riƙe taɓarya ba tunda aka kawo ni. Dakan Inna daban yake: ta buga biyu, a na uku ta saki taɓaryar sama ta tafa hannu ta cafe. Maigidan yana ta yi mata alama da hannu cewa ana ɗauka, ita kuwa ko a jikinta. Aka gama ya saurara, ya ce duk ta ɓata kaset ɗin, ba abin da ake ji a bayan maganarmu sai dim, dim. Na ce a aika haka nan.

Amsar ta zo bayan damina. Muka fara ji da bes a tsakiya ni da maigidan, don mu san abin da ke ciki. Yaya ya gai da kowa, ya yi dariyar hadarin, sannan ya ce:

“Na ji ana daka a bayanku. Sai da na ƙure bes ɗin tawa rikodar sannan na ji shi sosai. Na san hannun. A gai da mai dakan.”

Na dubi maigidan na ce ashe mai wa'azin tsakiya ma yana wucewa. Shi kuwa goge ido yake da bakin hula. Na fita tsakar gida, Inna tana ƙarƙashin darbejiya, na tsaya kusa da ita ina watsa wa kaji tsaba, na ɗaga murya na ce wa kajin wai an ji daka a Gabon, kuma an ce a gai da mai shi. Inna ta ce geron bana tauri gare shi. Ta naɗe tabarmarta ta zagaya baya, ni kuma na koma na murɗa maɓallin dama.

Haka muka yi shekaru. Sifika ɗaya ta yage kamar yadda Yaya ya faɗa, aka liƙe ta da gam ta ci gaba da aiki tana ɗan zuza. Wayar hannu ta zo, aka miƙa wa Inna ta ce kunnenta ba ya ji, wanda rabinsa gaskiya ne. Na haifi 'ya'ya, suka tashi suna ganin kabet wayam, suna ɗauka haka ake yinsa. Wani lokaci in na leƙa ƙarƙashin gado na ga kwallayen a naɗe sai raina ya ɗan sosu, ba zan ce bai sosu ba.

Sai ga Yaya ya dawo, siriri, gemu ya yi fari, muryar ce kawai na sani a jikinsa. Ya je ƙofar ɗakin Inna ya tsuguna ya yi gaisuwa mai tsawo. Tana ciki ta juya wa ƙofar baya, ta amsa “lahiya” sau biyu, sannan ta kira ni ta ce a ba baƙon ruwa. Gidan ya cika da masu sannu da zuwa, aka ce a sauke shi a ɗakina tunda shi ne mai siminti, ni in koma wajen Inna. Kafin in fita na gyara masa ɗakin. Na janye sifikun daga kusurwar bangon baya, na shimfiɗa darduma a wurin, na jingina matashi da bangon, na ajiye kwanon fura a gabansa yadda duk mai son sha sai ya zauna nan. Maigidan ya shigo ya gani, ya ɗauke kujerar da ke ɗakin ya fita da ita.

Bayan la'asar jama'a suka ragu, ya rage su biyu a ciki. Na ɗauki tsintsiya na zagaya baya kamar zan share turken awaki. Inna tana wurin, faifan wake a cinya, bayanta a jikin bangon. Ta cikin taga ina jin Yaya yana ba ƙanensa labarin jirgin ruwa, ya ja “to” ɗinsa, ya yi dariya. Hannun Inna ya tsaya a cikin waken, ya daɗe bai motsa ba. Na yi kamar ban gani ba, na ci gaba da sharar wurin da ba datti. Har na juya zan tafi sai ta yi magana, idonta a kan faifan.

“Ɗiyar nan.”

“Na'am, Inna.”

“Kwanukan nan naki, ki maida su wurinsu. Sun daɗe a ƙasa.”